Mai Jirgi da Ƙanzon Kaji

Mai Bishara ba ƙaramin mutum ba ne, kowa ya sani. Ya yi dako, ya yi haƙar rijiya, ƙasa ta taɓa rufta masa har wuya ya fito yana dariya. Ko aji ɗaya bai shiga ba, amma da aka tashi neman wanda za a tura wata ƙasa wa'azi, masu takardu duk suka noƙe, shi ya ɗaga hannu.

Abin da ya cuce shi jirgin sama ne. Mutanen unguwar da ya sauka suka ji ta sama ya zo, shi ke nan suka sa masa Mai Jirgi. In ya shiga ɗakin addu'a sai a share masa kujera mai hannu. In ya ɗauki tsintsiya a fizge. Ba su san 'yan ikilisiyarsa ta gida ne suka yi karo-karo suka saya masa tikiti ba, takalmin ƙafarsa ma na surukinsa ne.

Ranar farko Iya, tsohuwar da ta ba shi ɗaki a gidanta, ta kawo masa abinci. Ya ce, "A'a Iya, na ƙoshi," yana jira ta matsa masa sau biyu kamar yadda ake yi a gida. Iya kuwa ta ɗauke kwanonta da kunya, ta gaya wa maƙwabta babban mutum ba ya cin cimar talaka. Daga ranar ba wanda ya ƙara yi masa tayi.

Guzurinsa ya ƙare a mako na uku. Roƙo? Shi? Sai ya riƙa fitowa da tsinke a baki yana sakace, cikinsa na kuka. Ran Lahadi yana tsakiyar wa'azi ya ga benci na juyawa, ya dafe teburi. Jama'a suka ce Ruhu ne ya sauko.

Kwana na huɗu ba loma, da hantsi, Iya ta kankare ƙanzon tukunya ta zuba wa kaji a tsohon faranti bayan madafa, ta shige ɗaki. Ya duba hagu, ya duba dama, ya tsuguna. Zakara ya taso masa, ya kai masa mangari.

"Matsa can, kai kullum kana ci."

"Ranka ya daɗe, me nake gani?"

Iya ce tsaye da ludayi. Ya so ya ce duba lafiyar kajin yake yi, amma bakinsa cike yake. Ya haɗiye da ƙyar.

"Iya, yunwa nake ji."

"Kai da ka ce ka ƙoshi?"

"A wurinmu sai an yi tayi sau uku."

"Sau uku! Mu nan wa ke da abincin da zai yi ta roƙon mutum ya ci? To jirgin fa?"

"Ba nawa ba ne, Iya. Ko kujerar bakin taga ba a ba ni ba."

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, sannan ta share ido da bakin zane.

"Tashi, ɗan nan, ka bar wa kajina rabonsu. Akwai saura a tukunya. Za ka ci?"

"Zan ci," in ji shi, tun ba ta rufe baki ba.

Ya cinye kwano biyu a tsugune. Da ya gama ta ce ya wanke su da kansa, ya ɗebo mata ruwa kuma.