Tocila da Tsakar Rana

"Buɗe jakar," in ji Siman, ɗan sintirin da ke gadin ƙofar tasha, bayan sandar binciken da ke hannunsa ta sake yin ƙara.

Gwadabe ya sauke jakar daga kafaɗa yana murmushi. Ɗan talla ne, kullum daga unguwar Ali Kazaure yake fitowa ya bi tashoshi da abin da kasuwa ta kawo, yau reza, gobe maganin ɓera. Bana tocila mara batir ya samo a shagon wani ɗan kasuwa Uche, wadda sai an girgiza ta take kawo wuta. Jikinta garau kamar kwalba, ana hango jar waya a nannaɗe a ciki, da wani guntun ƙarfe mai kai da komo. Wannan wayar ma ita yake nuna wa masu saye, don su ga babu yaudara.

Siman ya leƙa. Baya kawai ya ja. Wata mai goyo da ke bin layi ta leƙo ita ma, sai ta ɗora hannu a ka.

"Bam!"

A Jos ba a jiran a maimaita wannan kalma. Faranti ya kife, lemo ya watse a kwalta, mai Keke Napep ya bar fasinja a ciki ya ranta a na kare. Kafin Gwadabe ya rufe baki, fili ya buɗe, daga shi sai jakarsa sai rana a tsakar ka.

To amma mutanen da suka gudu ba sa daɗewa. In suka ji shiru sukan dawo, kuma ba hannu rabbana suke dawowa ba. Gwadabe ya ga da'ira tana haɗuwa daga nesa, wannan da dutse, wancan da ƙarfen cire taya. Ya san yadda ake kallonsa yanzu: gemu, hula, jaka. Wasu daga cikinsu sun sha shayi da shi a rumfa ɗaya, amma ba wanda ya yarda suka haɗa ido.

"Jama'a, tocila ce! Wallahi tocila ce!"

"Kar ka motsa!" in ji Siman daga nesa. "In tocila ne, kunna mu gani. Guda ɗaya. A hankali."

Gwadabe ya zaro ɗaya da yatsu biyu. "Oga, sai na girgiza ta tukuna. Haka take."

"Ka ji ko? Zai girgiza!" wani ya yi ihu daga baya.

Ba shi da wata hanya. Ya girgiza. Ƙarfen ciki ya soma ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙarar da kullum take tara masa masu saye. Yau sai da'irar ta dare, dutse ya zo ya same shi a gefen kunne. Ya ji ɗumi yana gangarowa cikin wuyan rigarsa. Ya danna makunni, ya ɗaga tocilar sama.

Ba a ga komai ba. Ɗan ƙwan ya kama, shi ya san ya kama, amma wa zai ga hasken tocila da tsakar rana?

"Ina wutan?" in ji Siman.

"Ga shi nan, Oga, matso ka gani!"

"Ni in matso?"

Can baya wani ya ce a kawo taya. Wani ya amsa cewa akwai fetur a galan. Gwadabe ya fara salati a hankali. Abin da ya zo masa a rai ba wani babban abu ba ne: ya tuna bai gaya wa matarsa Murjanatu tashar da zai je ba, ba za ta ma san inda za ta nema ba.

"Ku ba ni hanya! Kai, cire ƙafanka!"

Loyis ce, mai sayar da dankalin Turawa a gefen tasha, mace mai jiki, da buhu rabi a hannu. Ta ratsa maza ta shigo tsakiyar fili tana haki, ta tsaya gaban Gwadabe ta kama ƙugu.

"Ashe kai ne. Tun wancan wata nake nemanka."

"Mama, koma baya!" Siman ya daka mata tsawa.

"Rufe mini baki, Siman. Wannan mutumin ya sayar mini da irin abin nan. Ya ce har abada ba batir. Bai gaya mini sai hannu na ya kusa cirewa ba kafin in ga hanyan bayi." Ta fizge tocilar daga hannun Gwadabe. "Tocilan banza ne. Amma tocila ne."

"To ina wutan, Mama?"

Ta dubi tocilar, ta dubi rana, ta yi tsaki. Sai ta kife buhunta, dankali ya gangara ko'ina har ƙafafun masu duwatsu. Ta girgiza tocilar da ƙarfi, ta cusa ta cikin buhun, ta bi ta da kanta har kafaɗa.

Mace tsaye, kai a buhu, ba wanda ya yi dariya.

Ta fito da kan, ɗankwali a karkace. "Zo ka sa naka," ta ce wa Siman.

Siman ya dubi jama'a. Jama'a suka dube shi. Da ma shi ya fara ja da baya, kowa ya gani. Ya ajiye sandarsa, ya taho kamar mai taka ƙaya, ya sunkuya ya sa kai.

Ya ɗan jima a ciki. Daga cikin buhun aka ji muryarsa a dushe: "Yana kawo wuta."

Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Duwatsu suka riƙa sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da mota da zai shiga. Mai galan ya ɓace. Siman ya ɗauki sandarsa ya koma ƙofa, ya ce na gaba ya matso.

Gwadabe ya durƙusa yana taya Loyis tsince dankali. Ta ciro tsumma daga ƙugunta ta miƙa masa don kunnen, sannan ta dangwara masa tocilarsa a hannu.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Bai girgiza ta ba. Hannunsa ne yake kakkarwa, ya kasa tsayar da shi.

Loyis ta dubi hannun, ta ci gaba da tsince dankalinta.

"Riƙe shi haka," ta ce. "Kafin ka kai gida ya cika da wuta."