Sati Shidan Lorene a Reno

Emmett Kowalik bai taɓa neman mutum ya rasa ba, duk Los Angeles an san haka. Ɗan bincike ne mai zaman kansa, ofishinsa ɗaki guda da fanka mai kuka da kwalbar wiski a durowa. Shi ya sa Gus Tarrant, mai gidan caca a bakin teku, ya hawo benen da ƙafarsa, ya ce matarsa Lorene ta ɓace, wai ko barci ba ya iya yi. Emmett bai ga alamar rashin barci ba, amma ya karɓi aikin.

Bai sha wahala ba. Matar aure ta tsere da akwati ɗaya, ai ko yaro ya san garin Reno ta nufa, inda ake zuwa kashe aure. Dokar can ce: mace ta zauna sati shida ba ta ƙetare iyaka ba, mai gidan haya ta rantse kullum tana ganinta, alƙali ya raba auren. In ta fita kafin lokaci, an koma farko.

Ya same ta a can tana shanya a tsakar gidan hayar da ta sauka, muƙamuƙinta a karkace, irin karayar da ta haɗe ba likita. Ba ta roƙe shi ba. Ta dai ce Juma'a da safe za ta shiga kotu, daga nan sai jirgin ƙasa, in kuwa Gus ya riga Juma'a isowa, gawarta za a mayar gida. Ran Emmett ya ɓaci matuƙa, har da haushin kansa.

Da ya dawo ya shara wa Gus ƙarya cewa kudu ta yi. Gus ba wawa ba ne, yaransa sun ga saukar Emmett daga jirgin arewa. Suka ɗaure shi a kujera a ɗakin ajiyar giya, suka yi ta jibgarsa kamar an aiko su, wai sai ya faɗi inda take. Bakinsa kuwa bai mutu ba. Ya ba su labarin sukuwar dawaki, ya kushe takalmin Gus, ya nemi taba. Da suka taka masa hannun dama ya ji ƙasusuwan sun ba da ƙara, ya suma, ya farfaɗo, ya ci gaba da surutu.

Da jiniyar masana'anta ta busa tsakar rana, Emmett ya tambaya ko yau Juma'a ce. Aka ce ita ce.

"To maigida, ɗauki waya," in ji shi, ya faɗi lambar wayar gidan hayar. "Ka biya a nemo, na nemo."

Gus ya kira. Muryar tsohuwa mai gidan hayar har Emmett yana jiyowa: alƙali ya gama tun hantsi, yarinyar ta hau jirgi, ba ta ce ga inda za ta ba.

Gus ya tsaya riƙe da wayar. Emmett ya tofar da jini ya ce a kwance shi, yana da aiki ranar Litinin. Hannun dai bai ƙara riƙe ko cokali ba.