Laraba a Ɗakin Hendrika

Shekara guda da gama yaƙi, rabin birnin Arnhem har yanzu tulin bulo ne. Roelof Brinkman na bi lungu-lungu da kyamararsa, yana ɗaukar hoton mutanen da ke zaune a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Kwamitin rabon gidaje ba ya karanta takardar koke, amma hoto kan sa su motsa. Gida tara suka rage a raba kafin hunturu.

Ɗakin Hendrika Kuiper ya fi ci masa rai. Ruwa na tsattsafowa daga bango, mijinta Gerrit na kwance yana tarin da ba ya ƙarewa. Wautar da Roelof ya yi ɗaya ce: ya gaya mata zai zo ɗaukar hoto ran Laraba.

Yana sauka matakala ƙamshin sabulu ya tare shi. An goge daɓe har yana ƙyalli, an aro labule an rufe bangon, ga furanni a gwangwani. Gerrit kuwa an tashe shi zaune cikin kwat ɗinsa na zuwa coci.

"Hendrika, me zan gani haka? Ina bangon?"

"Yana nan inda ka bar shi."

"Cire labulen nan!"

"Je ka cire na gidan uwarka. So kake manyan gari su zauna suna kallon dauɗata? Bam ya ci gidana, bai ci mutuncina ba."

"Mutuncin ne zai warkar da ƙirjin Gerrit?"

"Ɗauki hotonka, kofi na hucewa."

Ransa ya ɓaci, amma ya ɗauka. Ko cokali ba ya gusarwa a ɗakin mutum kafin ya danna kyamara, ƙa'idarsa ke nan, kuma ranar ya tsane ta.

Kwamiti suka yi ta yaba hoton. Shugabansu, wani mai tumbi da bai taɓa kwana da sanyi ba, ya ce, "Ga mace mai tsafta! Ai waɗannan sa iya jira zuwa bazara." Roelof ya daki tebur, ya zage su tas, aka nuna masa ƙofa.

A watan Janairu ya koma ba sanarwa. Babu kowa a gadon Gerrit, an naɗe katifa: tarin ya yi ajalinsa. Hendrika na zaune, ruwa ya kai mata idon sawu, ko tashi ba ta yi ba.

"Ɗauka yanzu," in ji ta. "Ka kai musu."