Waken da Direba Ya Gasa

Shekara ashirin da uku Gwaggo ta yi tana dafa wa ɗaliban makarantar kwana abinci, saboda haka da ƙaninta direban bas ya kira ta ya ce yau zai gasa wake da hannunsa, dariya ta yi har da tari. Mutumin da ko ruwan shayi sai ya ƙone!

Dalilin dai ta san shi. 'Yarsa tilo, wadda yanzu take aikin nas, ta yi shekara biyu ba ta taka gidansa ba tun da ya rabu da uwarta. Laifinsa a wurinta ɗaya ne: komai sai ya aika wani. Ranar da ta gama makaranta abokinsa ya tura, da ta kwanta asibiti Gwaggo ya tura. A ƙarshe ta yarda za ta zo cin abincin yamma, da sharaɗin shi zai dafa, gasasshen wake da miyar tumatir irin wanda suke ci idan sanyin kaka ya fara shiga.

Gwaggo ta hau bene hawa uku tana haki, busassun ganyen titi na manne a takalminta, tukunya a rufe cikin jaka. Ta san halin kayanta, shi ya sa ta zo da nata waken.

Kicin ɗin kamar an yi dambe a ciki. Ɓawon albasa har kan taga. Ga Direba sanye da tsohuwar rigar aiki, yana leƙen murhun gashi ta gilashi, ya yi gumi sharkaf.

"Awa biyar ke nan, Yaya," ya ce. "Ƙamshi dai ya yi."

Ta ɗebo ƙwaya ɗaya a cokali ta tauna. Tsakuwa.

"Ka jiƙa shi jiya?"

"Na wanke shi sosai."

"Ka tafasa shi kafin ka zuba tumatir da ruwan tsami?"

"Duk tare na zuba. Ai wuri ɗaya za su."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ƙato da furfura, bai san tsami yana ƙulle ɗanyen wake ba, ko kwana zai yi a wuta. Haushi ya cika ta, ta kuma ji daɗin haushin, don dama abin da ta zo gani ke nan.

"Matsa, sakarai. Da wannan za ka tarbi yarinya? Haƙoranta kake so ka zubar?"

"Yaya, ta ce ni zan dafa."

"To ai ka dafa, mun gani."

Ta ture kaskonsa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta juye nata a babban kwano, ta sa a murhu ya ɗau zafi. Tun suna yara Direba bai taɓa cin ta da gardama ba, kuma yau ma bai gwada ba.

Nas ta iso rana na shirin faɗuwa, ta gaishe su a taƙaice, ta cire rigar sanyi ta zauna. Waken ya yi laushi, miyar ta kama jikinsa, samansa ya yi ja. Gwaggo ta harɗe hannu tana jiran yabo.

Yarinyar ta ci cokali ɗaya, ta ƙara na biyu, sannan ta ajiye.

"Gwaggo, har yanzu kina sa citta a wake."



"Na dafa, Mamana," in ji Direba, murya ƙasa-ƙasa. "Wallahi tun safe nake..."

"Bai dahu ba ne," Gwaggo ta katse shi. "Ko akuya ba za ta ci ba. Rufa masa asiri na yi."

"Ina yake?" in ji Nas.

Direba ya durƙusa ya jawo kaskon. Ruwan wanke-wanke ya riga ya ɗiga a ciki, kumfar sabulu na yawo a kan miyar.

Nas ta daɗe tana kallon kaskon. Ta miƙe ta mayar da rigar sanyinta, tana sa maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Da ka bar shi a kan tebur, Baba, da na cinye shi duk taurinsa."

Ta ja ƙofa a hankali. Direba na nan durƙushe da kasko a hannu, Gwaggo kuwa ta rasa inda za ta sa idonta.