Fuskar da Yaya Ta Goge

Ni na riga kowa gani, ni da ban san ko bihim ba. Idona dai bai taɓa cin amanata ba.

Ɗana ne ya sayo wa 'ya'yansa mata biyu littafin, mai hotuna, labarin wata ƙaramar mayya da ƙanwarta. Babbar, da muke ce wa Yaya, ita ke karantawa. Auta kuwa aikinta hawa cinyar uwa. Tun da aka haife ta Yaya ta koma katifar ƙasa, kome ta roƙa sai a ce, "Ai kin girma."

A littafin, mayyar takan shafe ƙanwarta ta ɓace, sai can ƙarshe ta dawo da ita. Ranar da aka mari Yaya saboda kukan Auta, ta raɓe a bayan ƙofar kicin, ta lashi yatsa, ta yi ta murza fuskar ƙanwar da ke hoton har takardar ta huje. Ina kan kujerata ina kallo. Ta tashi ranta fes.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da Auta, wuya ya sanƙare, aka yi asibiti da ita. Yaya ta liƙa takarda a hujin, ta zana ido da baki da fensir, ta goge, ta sake. Kullum fuskar a karkace take fitowa. Ta daina cin abinci.

"Kaka, ni ce," in ji ta.

"Ke ce me, amaryata? Ke da ko ƙuda ya fi ƙarfinki? Ni da mota ta take, ruwa ya ci ya amayar, na san cuta in na gan ta. Ja bakinki ki tsuke, kada wani ya ji."

Ba ta tsuke ba. A ɗakin marasa lafiya, gaban 'yan dubiya, ta durƙusa ta miƙa wa uwarta littafin.

"Mama, ni na goge ta. Na yi na yi, ta ƙi dawowa."

"Shirme," in ji uwar. Amma ta janye ƙafar Auta daga kusa da hannun Yaya. Yaya ta gani.

Auta ta tashi, sai dai kunne ya tafi. Magana kuwa ta riga su isa layinmu. Mai shago ya koma ajiye wa Yaya sayayya a kan benci, mata na kwashe 'ya'yansu in ta gitta. Uwar ba ta taɓa furta kalmar mayya ba, ba ta kuma sake barin su su biyu a ɗaki ba.

Ni na kinkimi katifar Yaya na kai ɗakina. Ga shi har ta zama budurwa, ba ta yawan magana, ita ke dafa mini. Sa'o'ina duk na raka su kushewa, ni kuwa haƙorana na bakina. Wanda ya ce ƙarya nake, ƙofata a buɗe take. Ya zo da rana tsaka, ta zuba mana a kwano ɗaya, mu ga wanda hannunsa zai yi rawa.