Ranar da Ƙararrawar Sulemanu Ta Buga a Banza

Shekara goma sha ɗaya Uba ya yi a gaban injin saƙa a wata masaƙa ta Bompai a Kano, kuma ƙarar injinan nan ce ta cinye masa kunne kaf. Ba shi kaɗai ba ne. A ɗakin saƙa ko mai lafiyayyen kunne da hannu yake magana. Ka shafa haɓa, zare ya tsinke ke nan. Ka dafa ƙeya, heluma na tafe.

Heluman kuwa, wato mai sa ido kan ma'aikata, shi ne Sulemanu, mutumin da bai taɓa tsayawa kan inji ba, daga ofis aka turo shi da biro a aljihu. Sau biyu Uba yana roƙonsa a sa jar fitila a kan ƙofofi, wadda za ta kama idan an buga ƙararrawar gobara. Sulemanu ya yi dariya, ya ce masaƙa ce nan, ba gidan rawa ba.

To, a damina ta 1983 wuta ta tashi a rumbun auduga. Aka buga ƙararrawa, na kusa da ƙofa suka ji, sauran suka ga gudu suka bi. Injin Uba yana bayan ginshiƙi, bai ga kowa ba. Sai da Dorkas, wata 'yar Zonkwa mai inji kusa da nasa, ta koma ta finciko shi, hannun rigarsa na ci da wuta. Daga gwiwar hannu zuwa yatsu fatar ta saɓule.

Abin haushi, wai Sulemanu ya rubuta cewa taurin kai ne ya hana Uba fita, saboda haka ƙarshen wata a sallame shi. Kai, rashin kunya! Da Dorkas ta fassara masa takardar da hannu, Uba ya hasala. Ya rantse sai Sulemanu ya ɗanɗana.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare aka ce sufeton ma'aikatar ƙwadago zai zo duba yadda ake ficewa idan gobara ta tashi. Da safen ranar Uba ya bi layin injina yana yi wa abokan aiki magana da yatsun hannunsa mai lafiya. Sulemanu na tsaye yana kallo, bai gane komai ba.

Sufeto ya iso, ya riƙe agogo. Sulemanu ya gyara kwala, ya danna ƙararrawa. Babu wanda ya ko ɗaga kai. Mutum sittin, kowa ido kan zare. Ya sake dannawa, ya bi layi yana ihu har jijiyar wuyansa ta fito, yana jan rigunan mutane. Dorkas ta nuna masa kunnenta, ta ɗaga kafaɗa.

Minti shida. Uba ya bar shi ya jiƙe da gumi sharkaf, wallahi daɗi yake ji har cikin ransa. Sannan ya fito daga bayan ginshiƙi, ya ɗaga ƙonannen hannun sama. Injina sittin suka tsaya cak, mutane suka fice a layi.

A waje sufeto ya nuna hannun, ya tambayi abin da ya faru. Dorkas ta mayar wa Uba da tambayar. Ya amsa da muryarsa ta kurame, mai ƙarfi har bakin titi: "Ranka ya daɗe, fitila na roƙa. Ku tambaye shi me ya ce mini."

Sufeto ya rufe ɗakin saƙa sai an sa fitilu. Kwana uku babu aiki, manaja ya yi ta kumfar baki, ya yaga takardar sallamar Uba, ya nemi wanda zai huce a kansa. Bai kori Sulemanu ba. Ya karɓe helumancin, ya ba shi inji, na bayan ginshiƙi, ya mayar da Uba kan wani na kusa.

Dorkas ta ce wa Uba ya isa haka, ko alamar neman ruwa a koya wa bawan Allah. Uba ya girgiza kai. Ran Litinin zaren Sulemanu ya tsinke, ya tsaya yana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya. Uba na kallon bakinsa yana buɗewa yana rufewa, har ya ga ya zo kan nasa sunan. Ya juya ya ci gaba da saƙarsa.