Kumfa a Kwanar Hagu

Idan na'ura ta bi layin da aka shata mata, ba ta kauce ko da kaurin gashi ba, amma aikin ya lalace, laifin wa ke nan? Tambayar da ke damun Injiniyar masana'antar ke nan. Ta sake tsoma fitilar mota cikin ruwan bahon gwaji, kumfa ta sake tasowa daga wuri guda, kwanar hagu ta sama, alamar gam bai toshe wurin ba. Fitila ta goma sha ɗaya ke nan.

Na'urar na rataye a saman tebur, hannaye uku riƙe da bututun gam ɗaya, kowane hannu da injinsa. Wata huɗu Injiniya ta yi tana gyara lissafin da ke sa injinan uku su ja tare, har rawar bututun ta ɓace. Da ƙarfe huɗu masu sayen fitilun za su iso. Manaja ya riga ya faɗa: in suka ga kumfa, kwance na'urar za a yi.

Layin kuwa daga hannun Baba Mai Gam aka ɗauko shi da kyamara, mutumin da ya shekara ashirin da shida yana liƙe murfin fitilu. A wannan kwanar hannunsa yakan ɗan zarce, ya dakata, ya dawo. Ita ta ɗauka rawar tsufa ce, ta goge ta daga layin. Yau da safe ta mayar da zarcewar, kumfar ta ragu, amma ba ta daina ba.

"Ki tambaye shi mana," in ji Manaja.

"Mutumin da za a mayar sito saboda na'urar nan? In ce ya ba ni abu ɗaya da ya rage masa? Ba zan iya ba, yallaɓai."

Wajen ƙarfe biyu Baba ya biyo ta wurin da kofin shayinsa. Ya leƙa bahon, ya dubi na'urar.

"Yaya magajin nawa? Har yanzu yana fitsarin kwance?"

Ma'aikata suka tuntsire da dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, ta bi shi da ido har teburinsa. Ya ɗauki bututunsa. A karon farko ta bar kallon hannun, ta kalli gam ɗin. Ashe ba ya sauka a ƙarƙashin bakin bututu, jan ƙafa yake a baya kamar jela. In an sha kwana, sai ya yanke hanya ya bar gurbi. Wata huɗu tana koya wa na'ura bin layi, alhali Baba gam yake jira ya iso.

Amma jiran na tsawon me? Ta ƙirga a fitila uku, kowace da tsawon jiranta daban.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, dakatawar nan ta kwana, yaya kake gane ta isa?"

Bai ɗago ba sai da ya gama fitilar. Ya dubi na'urar, ya dubi ƙofar sito.

"Da safe kike nufi, ko in rana ta yi zafi gam ya saki jiki?"

Wannan bambancin bai taɓa zuwa mata a rai ba.

"Af, ashe da sauran karatu. Ɗauko biro, 'yata. Kuma ki ce wa magajin nawa ya buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa."